A Sha Duka, Kada A Rage

Na Allah muke, kuma can za mu koma. Kawuna ya riga mu gidan gaskiya ranar Talata da hantsi. Kafin azahar an kai shi makwancinsa, an dawo an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa da ke unguwar Malam Inna, ni aka zaunar a gaba ina karɓar gaisuwa, don ba shi da ɗa namiji, ni ya riƙa tun ina ƙarami.

Mutane sun zo, ba laifi. Ladanin unguwa ya ce shekara talatin Kawu yana malamin asibiti, ba a taɓa jin allurarsa ta yi wa wani ƙurji ba. Wata tsohuwa ta tsaya daga nesa ta ce shi ya tsaga wa ɗanta maruru a wuya, ga ɗan can yanzu har da jikoki. Tsohon hedimasta, abokin gardamarsa, ya ce, "To, yanzu wa zan yi wa musu?" Ya sa gefen rawani ya goge ido.

Amma kunnena yana baya. Wasu mutum biyu da ke zaune bayana suna magana ƙasa-ƙasa, sun ɗauka hankalina na wajen masu gaisuwa.

"Allah dai Ya yafe masa littattafan nan."

"Littattafai da sauƙi. Maganar da ya gaya wa surukinsa fa?"

"Tsufa ne. In ido ya tafi, wani lokaci yakan ja hankali su tafi tare."

Surukin da suke nufi yana can ƙarshen tabarma. Alhaji ne ɗan kwangila, mijin 'yar Kawu ɗaya tilo, kuma maigidana a wurin aiki. Ya zo, ya yi salla, ya zauna da baƙin tabarau a fuskarsa, bai cire ba. Matarsa ta shige cikin gida, shigarta ta farko cikin shekara shida. Na ji kukanta daga zaure.

Saboda mutanen nan biyu nake wannan rubutu. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, wanda ya ga kuskure ya gyara wa kansa. Kawu bai haukace ba. Hankalinsa ya fi na duk wanda ya zauna a tabarmar nan. Ni ne na yi ɓarnar, kuma zan faɗe ta, amma sai na fara gaya muku wane ne shi.

Da ya yi ritaya, abin da ya taho da shi gida shi ne wani tsohon kabad na magani, mai ƙofar gilashi. Har yau in ka buɗe shi warin maganin aidin ne zai fara gaishe ka. A ciki ya jera littattafansa. Na addini suna ɗaki, a sama, ba ya haɗa su da waɗannan. Na kabad labarai ne, kuma ba irin na sarki da 'yar sarki ba. Shi waɗanda yake so su ne sababbin nan da suka fara fitowa bayan yaƙin basasa, lokacin da kuɗin mai ya shigo kowa ya rikice: labarin soja da ya dawo ba ya iya barci, labarin ma'aikaci da ya sayar da amana, labarin da mugu ke ci ya sha ya mutu a kan katifa ba abin da ya same shi. Direbobi ke kawo masa daga Kano da Zariya da Jos.

Ba ya ba da aron littafi, rubuta maka shi yake yi kamar magani. Sai ya dube ka tukuna, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, sannan ya buɗe kabad. A cikin bangon kowane akwai rubutunsa. Wani ya rubuta, "Shafi goma bayan la'asar." Wani, "Kada a sha da yunwa." Akwai wanda ya rubuta wa, "Ba na mai sabon aure ba ne." Littafin da ya ƙare da biki da kowa ya ji daɗi kuwa, ruwan sukari yake ce masa, yana ajiye irinsu a ƙasan kabad saboda baƙi.

Na tuna wani direban motar auduga da ya dawo da littafin sojan nan, ya ajiye a gaban Kawu da yatsa biyu.

"Malam, wane laifi na yi maka? Kwana uku ban iya cin nama ba."

"Ka kai ƙarshe?"

"Na kai. Sau biyu."

"To ya kama ka. Ga ɗan'uwansa."

Mutumin ya rantse ba zai karɓa ba. Ya kai bakin titi ya dawo ya karɓa. Daga baya na ji ƙanensa ne ya dawo daga yaƙi yana zama shi kaɗai a bayan gida, dangi suna ce masa lalatacce. Direban nan shi ya fara zuwa yana zama kusa da shi. Kawu ya san da ƙanen tun kafin ya buɗe kabad.

Matar tela ma tana aiko mijinta. Wata rana ta maido wani da saƙo, wai a gaya wa Malam wanda ya rubuta wannan ba shi da uwa, da yana da ita da ta hana shi. Kuma wai in akwai wani nasa a ba ta.

Da hedimasta ne ba su taɓa shiri a kan wannan ba. Shi a wurinsa littafi tarbiyya ne, dole mugu ya ga sakayya kafin shafi na ƙarshe, in ba haka ba an koya wa mutane mugunta.

"Malam, kana raba wa jama'a guba."

"Kai ka yi shekara talatin kana gaya wa yara mai gaskiya ne ke cin riba. Sun fito sun duba gari, sun ga waye ke hawa mota. Yanzu ba su yarda da kai ba, ba su yarda da gaskiyar ba. Ni dai ban taɓa ce wa majinyaci ba zai ji zafi ba."

Haka za su yi ta yi har a kira magariba, su tashi su tafi masallaci sahu ɗaya.

Amma kada a ɗauka kowa yake ɗura wa ɗaci. Maƙwabcinmu ya rasa 'yarsa, bayan kwana arba'in ya zo ya ce a ba shi wanda ya fi kowane muni, ko ya ga wanda ya fi shi shiga uku. Kawu ya kulle kabad ya sa makulli a aljihu. Ya sa aka kawo fura, suka zauna har la'asar ba wanda ya yi wata doguwar magana. Da mutumin ya tafi ya ce mini, "Wannan ba tsagawa yake so ba, ɗauri yake so."

Sai yanar ido ta rufe masa gani. Aka kai shi aka duba, aka ce tasa ta haɗu da wani ciwon, ba ta aiki ba ce. Karatu ya dawo kaina. Ina tashi daga siton siminti na Alhaji a Manawashi, in yi la'asar, in zo gindin bishiyar dogon yaro ta ƙofar gida, in gyara masa matashi a bayansa, in buɗe littafi. Ina in'ina a manyan kalmomi, yana gyara mini daga ka. In na yi gudu ya ce, "Ba tsere ake ba." Ni da matata da 'ya'ya bakwai a sashen baya na gidansa muke zaune, kuma ba yau aka fara cewa a unguwa wai jiran tsoho nake ya kau in gaje fili ba. Ku riƙe wannan.

Wani direba ya kawo wani mai jan bango. Labarin wani yaro ne maraya da kawunsa ya riƙa, ya girma ya zama ɗan kwangila. Kawun ya makance. Yana da gona a inda sabon titi zai bi, yaron yana so, tsoho ya ƙi sayarwa. Kwana tara muna karanta shi. Kawu yana jin daɗinsa ƙwarai, yana cewa, "Wannan marubucin hannunsa ba ya rawa."

Ina da wata ɗabi'a, idona kan riga bakina da layi uku ko huɗu. Ranar ƙarshe, saura 'yan shafuka, idona ya je ya gano abin da ke gaba. Yaron ya shiga ɗakin makahon da rana tsaka, ya gaishe shi, ya gyara masa kwanciya, ya zare matashin kai ya danne masa fuska. An rubuta komai, har yadda ƙafar tsohon ke shure tabarma, har yadda yake kiran sunan yaron yana neman ya zo ya cece shi, don bai san shi ne ba. Bayan nan yaron ya karɓi gaisuwa, ya sami gona, aka yi masa naɗi. Shi ke nan littafin.

Na ɗaga kai. Ga Kawu a gabana, ido fari fat, ya karkato kunne, ga matashin da na gyara masa da hannuna.

"Na ji ka tsaya," in ji shi.

"Rubutun ne ya dushe, Kawu."

Bakina ya ƙi. Wallahi ba wayo na shirya ba. Kunya ce, da wani abu mai kama da tsoro, kada ya ji wannan da muryata. Sai na ji ina cewa yaron ya tsaya a bakin ƙofa, ya ga tsoho yana lalube yana neman buta, zuciyarsa ta karye. Ya durƙusa ya nemi gafara. Ya sa shi a mota ya kai shi asibitin ido a Kano, aka yi masa aiki, aka kwance bandeji, fuskar yaron ya fara gani. Ya bar masa gonarsa. Ni da ban taɓa tsara ko wasiƙa mai kyau ba, ranar magana ta yi ta zuwa.

"Ban ji ka juya shafi ba," in ji Kawu.

Na juya. Na ci gaba da yi ina juyawa har takarda ta ƙare.

Ya ce, "Ashe a ƙarshe hannun nasa ya yi rawa. Ya zuba sukari. Amma ba komai, na san mai irin wannan ciwon. Ɗauko alƙalami." Ya faɗa, na rubuta a cikin bango.

Alhaji yana da bappa a ƙauyensu, ƙanen mahaifinsa, shi ya riƙe shi. Shi ma yanar ido ta rufe masa gani, amma tasa irin wadda ake cirewa ce. Shi ma yana da gona a bakin hanya, kuma an san sun taɓa samun saɓani a kanta. Abin ya daɗe yana damun Kawu, sai dai suruki ba ya buɗe baki ya ce wa suruki ka yi kaza. Littafi ne bakinsa.

Ranar Juma'a Alhaji ya zo gaisuwa daga gidansa na Pantami kamar yadda ya saba, ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa. Kawu ya miƙa masa mai jan bango.

"Alhaji, ka karanta wannan har ƙarshe, kada ka tsallake. Abin da yaron nan ya yi wa kawunsa a ƙarshe, shi nake so ka yi wa bappanka. Kuma kada ka ja lokaci, tsoho ne. In kana jin nauyi, ni zan gaya maka yadda ake yi, aikina ne."

Ina tsaye a wurin. Tsakanina da littafin bai fi taku biyu ba. Na ce a raina Alhaji ba mai karatu ba ne, takardar kwangila ma sai an karanta masa rabi, zai jefa shi a mota ya manta.

Ya karanta. Bayan kwana takwas ya dawo, bai cire takalmi ba. Hedimasta na nan, da ladan, da wasu. Ya miƙa wa hedimasta littafin a buɗe ya ce ya karanta da ƙarfi kowa ya ji. Hedimasta ya karanta. Kawu ya saurara har ƙarshe bai motsa ba. Da aka gama sai ya juyo da fuskarsa daidai inda nake tsaye. Makaho ne, amma bai kuskure ba ko da taku ɗaya.

"Baba," in ji Alhaji, "abin da ka ɗauke ni ke nan? Mai kashe bappansa saboda gona? Ko kuwa shawara ce da gaske kake ba ni?" Sai ya juyo kaina. "Kai kake masa karatu. Haka ka karanta masa?"

Na tuna sito. Na tuna bakuna tara da ke sashen baya. Na tuna abin da unguwa za ta ce in aka ji wurin da na tsallake, da dalilin da za su ba shi.

Na ce, "Abin da ke rubuce na karanta."

Kowa ya dubi Kawu. Kalma ɗaya ta ishe shi. Ya ce, "Ni na ba ka littafin, Alhaji. Ni na faɗi maganar." Bai ƙara ba.

Alhaji ya rantse matarsa ba za ta sake taka gidan ba muddin tana gidansa. Ya jefar da littafin ya shiga mota.

Da kowa ya watse na durƙusa, na rasa ta inda zan fara. Shi ya fara.

"Naka ya fi na marubucin daɗi. Shi ya sa ya yi ɓarna."

"Kawu, ka aika a gaya masa."

"A'a. Na ɗaure maka yau a gaban mutane, don na ji muryarka na rawa. Amma ba zan sha maka maganinka ba. Ka san hanyar Pantami. Ranar da ka shirya, ka je."

Washegari ya ce in ɗauko wani littafin. Muka ci gaba kamar ba a yi ba. Bai taɓa goranta mini ba, bai gaya wa matata ba, bai rage wa 'ya'yana komai ba. Abu ɗaya ne kawai. Duk Juma'a in na dawo daga masallaci na gaishe shi, sai ya ce, "Ka bi ta Pantami?"

"Ban bi ba, Kawu."

"To."

Shekara shida. Kullum ina ganin Alhaji a sito, ina ce masa ranka ya daɗe, ina buɗe masa ƙofar mota. Shekarar farko na ce bari ya huce. Ta biyu na ce an riga an makara. Daga nan sai abin ya zama kamar wani tsohon ciwon baya, ana tashi da shi ana kwana da shi.

Masu zuwa karɓar littafi suka ragu. Matar tela ta daina aike. Direban audugar nan ne kawai bai fasa ba. 'Yarsa takan aiko da abinci a ɓoye ta hannun wata maƙwabciya. Ba a gaya masa daga inda ya fito, amma da ya kai loma ɗaya sai ya ce, "Har yanzu tana cika daddawa." Ya cinye tas. Ranar Salla yakan sa a fitar da kujerarsa tun da wuri, in mota ta rage gudu a kan layinmu sai ya daina jan carbi har ta wuce. An haifa masa jikoki biyu a tsakanin nan, bai taɓa ɗora hannu a kansu ba.

Kuma zan faɗi wannan ko da ba a faɗin laifin mamaci: Kawu yana da taurin kai. Ya zaɓi ya gyara ni a kan ya ga 'yarsa. Ya ɗauka ni irin majinyatan nan ne da in an ajiye musu kofi a gaba za su gaji su sha. Ya yi mini kyakkyawan zaton da ban kai ba, kuma ita ta biya. Na daɗe ina jin haushinsa a kan haka, don ya fi sauƙi a kan in ji haushin kaina.

Juma'ar ƙarshe yana kwance, numfashi sama-sama. Na gaishe shi. Na ɗauka ba zai iya magana ba.

"Ka bi ta Pantami?"

"Gobe, in Allah Ya yarda."

"To," in ji shi. Ita ce kalmar ƙarshe da ta shiga tsakaninmu.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa addu'a, na roƙi Alhaji da hedimasta su shigo zaure. Na aika aka kira 'yar Kawu, ta tsaya daga bayan ƙofa. Na buɗe kabad na ɗauko mai jan bango. Na faɗi komai, har ƙarshen da na ƙirƙira, don su san abin da Kawu ke nufi.

Hedimasta ya ce, "Na yi zargin haka. Ni ma na yi shiru." Ya sunkuyar da kai.

Alhaji ya cire tabarau. Ban taɓa ganin idonsa kusa haka ba.

"Asibitin ido," ya ce. "Kano."

"E, ranka ya daɗe."

"Tafiyar yini ɗaya." Ya daɗe yana juya tabarau a hannu. "Bappa ya rasu bara waccan. Tun daga ranar littafin nan ban sake kwana a ƙauyen ba. Maganar ta kai can. In na shiga ɗakinsa sai in ga mata suna leƙe. Sai na koma aike." Ya tashi. Na jira ya zage ni, ko ya ce kada in sake zuwa sito. Bai ce ba. Ya nemi takalminsa ya fita.

Ita kuwa, ni da ita taubasai ne, ɗan mace da 'yar namiji. Tun muna yara ba ta taɓa ganina ba ta tsokane ni ba, ko ta ce bawanta ya zo, ko ta ɓoye mini hula. Ta miƙo hannu daga bayan ƙofa.

"Hamma, ba ni littafin."

Na ba ta. Ta buɗe bango. Na ji ta karanta a hankali, irin karatun wanda ya daɗe bai yi ba.

"A sha duka. Kada a rage." Sannan ta ce, "Wannan ba rubutun Baba ba ne."

"Nawa ne. Shi ya faɗa, na rubuta."

Ta rufe, ta miƙo mini. "Riƙe abinka," ta ce, ta koma ciki.

To, ga shi na faɗa. Duk wanda ya sake jin ana cewa tsohon malamin asibiti na Malam Inna ya ruɗe har ya ba surukinsa shawarar kisa, ya nuna masa wannan takarda. Kabad yana nan, makulli yana hannuna. Mai son littafi ya zo ya ɗauka, amma kada ya tambaye ni wanne ya dace da shi, wanda ya san wannan ya tafi. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka masa kabarinsa fiye da hasken da ya rasa a nan, Ya sa haƙurin da ya yi da ni ya tarar da shi a can.

Yau Juma'a. Da aka sauko daga masallaci na bi ta Pantami. Na yi sallama sau uku, ba a amsa ba. Juma'a mai zuwa ma zan bi.